Sawun Takalmi a Gonar Mamman Dogo

Markar bana ta zo da nauyi. Kwana huɗu ke nan rabon Gusau da ranar kirki. Tabarmi sun yi warin sanyi, gishiri ya narke a gwangwani, ashana kuwa sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Mu tsofaffin unguwa da ba mu da gona ba mu da ofis, majalisarmu ta koma ƙarƙashin rumfar Alhaji Sani mai kayan gini. Ruwa na dukan kwano, mu kuma muna jin rediyo.

Tun makon jiya magana ɗaya ake yi a rediyon. An kashe wani mai shago a bayan gari, aka ce 'yan sandan da suka zo ba su kewaye wurin da igiya ba, wai wani ma ya ɗauki wuƙar da hannunsa haka nan ya jefa a bayan mota. Masu bugo waya sun rabu biyu. Wasu na cewa sakacin hukuma ne, wasu na cewa kafin hukuma ta iso ai jama'a sun gama tattake wurin, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto, har da mai tallan rake. Majalisarmu ma haka ta rabu, ana ta ɗaga murya.

Ni Haruna, duk unguwar nan an san bakina. Ko gardamar farashin taki ake yi ni ke buɗewa ni ke rufewa, kuma ban cika yarda an kayar da ni ba. Amma ranar nan wata mata ta bugo waya ta ce duk wanda ya taka sawu a wurin kisa ya taimaki mai kisan, ko ya sani ko bai sani ba. Sai bakina ya mutu.

Alhaji Sani ya dube ni ya ce, "Malam Haruna, lafiya? Yau mun samu hutu. Ko haƙorin nan ne ya motsa?"

Na ce, "Sanyi ne, Alhaji."

Ba sanyi ba ne. Wata damina ce ta faɗo mini, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, lokacin ina ƙauyenmu can bayan Kekun Waje, da ƙarfina, da matata Ramatu da 'ya'ya biyu ƙanana.

Shekarar nan ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri, mai ƙarfi, kowa ya kwashi iri ya ruga gona. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta rufe. Kwana ashirin da wani abu muna kallon gabas. Hadari ya haɗu da la'asar, iska ta watsar, gari ya waye da rana mai ƙuna. Tsiron ya nannaɗe ya bushe a idonmu. Muka yi shuka ta biyu, ɓeraye da tsuntsaye suka tone. Shuka ta uku kam da hatsin da ya kamata ya shiga tukunya muka yi ta. Kafin ruwa ya zauna sosai, rumbuna ya kai in ka leƙa ka yi magana muryarka ce za ta dawo maka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun turmi. Garin da in an idar da asuba ba ka jin komai sai luguden mata, ya koma sai kukan zakara da tarin tsofaffi. Ramatu takan tashi ta share tsakar gida, ta ɗauki ƙwarya ta bi manyan mata bayan gari tsinkar tafasa. Ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Da ƙulin ya ƙare sai gishiri da barkono kawai. Har yau in na ji warin dafaffiyar tafasa yawu mai ɗaci ke taruwa a bakina. Da rana dunƙulen fura ɗaya za a dama cikin babbar ƙwarya, ruwa ya yi mata yawa har kana ganin gindin ƙwaryar, a sha a ce alhamdu lillahi. Da yamma in akwai dusa a yi tuwonta, in babu Ramatu ta ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi. Maƙwabtan ma haka suke yi. Duk mun sani, kuma ba wanda ya taɓa faɗa wa wani.

A haka muke noma. Nakan ɗaure cikina da tsohon rawani in duƙa. In na ɗago sai gonar ta juya, in dafa ƙotar hauya har idona ya washe. Ga ƙasa ta jiƙu tana ƙamshi, ga gero ya yi kore shar, amma kafin ya nuna akwai sauran wata guda da rabi, kuma kowa a garin yana ƙirga kwanakin nan a zuci.

Gonata tana kan hanya ɗaya da gonakin mutum biyu. Ɗaya Mamman Dogo, mutum mai fara'a da yawan tsokana. Ɗayan Iliya, wanda gonarsa ke manne da ta Mamman, layin gamba kawai ya raba su. Iliya talaka ne ko a cikinmu talakawa, ga zuciya a kusa. Bai taɓa sa takalmi ba. Ƙafarsa faffaɗa ce, duk faso, kuma babban yatsansa na hagu babu, gatari ya cire shi tun yana saurayi. A ƙauye kowa ya san sawun kowa, amma na Iliya ko ƙaramin yaro ya gani a turɓaya zai ce Iliya ya wuce nan.

A farkon daminar nan suka yi rigima kan gambar. Iliya ya ce Mamman ya ci masa kuyya biyu, Mamman ya yi dariya ya ce gamba ce ta yi tafiya da ƙafarta. A ƙofar masallaci, gaban kowa, Iliya ya ce, "Wallahi Mamman, gonar nan ita za ta ci ka." Aka ba su haƙuri, aka watse. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi, don mun san bakin Iliya ya fi hannunsa zafi.

Wata safiya, bayan an kwana ana yayyafi, na ɗauki hauya na kama hanya. Rana ta ɗan ɗaga. Da na zo daidai gonar Mamman sai na ga hularsa a kan kuyya. Na yi sallama, shiru. Na kutsa cikin geron, raɓa na jiƙa mini wando, sai ga shi kwance rub da ciki, an sare shi a bayan wuya. Jinin bai gama bushewa ba, ƙudaje sun fara taruwa.

Ni na fara zuwa, kuma abin da na gani na gan shi sarai. Ƙasar ta yi laushi, ta riƙe komai. Ga sawun Mamman, ga kuma wani sawu da ya fito daga wajen babbar hanya, ya zo ya tsaya a bayansa, ya juya ya koma da faɗin taki irin na mai gudu. Sawun takalmi ne, sau-ciki, mai zane-zane a tafinsa kamar na tayar mota. A garinmu ba mai irin wannan takalmin. Na tsaya na dube shi, har na bi shi da ido zuwa bakin gona. Sannan na ruga gari ina salati.

Kafin a jima gonar ta cika. Baba Sarkin Noma, dattijon da duk abin da ya shafi gona sai da bakinsa, ya tuɓe mayafinsa ya rufe gawar. Ya dube ni ya ce, "Haruna, jinin Musulmi ba a barin shi buɗe, karnuka da ungulu su taɓa. Sa hauya ka rufe." Na sa hauya na ja ƙasa na rufe jinin, na daddanna da ƙafata. Aka ɗauki Mamman aka kai gida, aka yi masa wanka, aka sallace shi, kafin azahar yana makwancinsa. Haka muka gada, kuma a ganinmu gatan da za mu yi masa ke nan. Mai gari ya tashi manzo da keke ya kai rahoto, amma gulbi ya cika ya batse, sai washegari ya samu ƙetarewa.

A wurin zaman makoki ne na buɗe bakin nan nawa. Na ce jama'a, gonar Mamman ba a yi mata huɗa ba, geronsa ya fara ɗaukar ciki, in babban ruwa ya zo da iska duk zai kwanta. Matarsa Hauwa ta shiga takaba, 'ya'yansa ƙanana ne. Na ce gobe kowa ya fito da galmarsa mu yi gayya mu tayar masa da kuyyoyi. Kowa ya ce madalla. Tsofaffi suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa kaina ya yi girma.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Ba kiɗa ba kirari, saboda makoki. Ba tuwo ba fura, saboda babu. Maza kusan talatin, kowa cikinsa a ɗaure, muka jeru a bakin gona. Ba ka jin komai sai saran galma da nishi. Mata suka aiko da ruwan tsamiya a tulu, shi muka sha. Wani ya yanke jiki ya faɗi, aka yayyafa masa ruwa, ya tashi ya koma layinsa.

Layin da sawun yake ni ya faɗo wa. Mutanen jiya sun tattake kusa da inda gawar ta kwanta, amma daga can zuwa bakin hanya sawun yana nan daram, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Na tsaya da galma a hannu. Baba Sarkin Noma ya ce daga bayana, "Mi kake kallo? Huɗe shi. Kar a bar wa iyalinai abin da za su zo suna gani suna kuka." Da na ce a bar wannan layin, ba wanda zai doke ni. Amma ni na kira gayyar, kuma ina so a ce gonar ta fita tas ba a bar ko taki ɗaya ba. Na kafa galma na kife ƙasa a kan sawun farko, na bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin gona.

Da la'asar mai gari ya tara manya a zaurensa, aka kira ni saboda ni na fara gani. Maganar gajera ce. Duk wanda ya ce ya ga wani abu, shi za a riƙa kira Gusau yau da gobe, a tsakiyar huɗa, a shekarar da in ka bar gonarka kwana biyar ka bar abincin iyalinka. Wani ya ba da labarin ɗan uwansa da shaida ta ci masa damina guda cur. Mai gari ya ce, "Mun iske shi kwance, munka rufe shi. Iyakar abin da munka sani ke nan." Ya dube ni. Na tuna rumbuna, na tuna tukunyar ruwan Ramatu, na ce haka ne.

A wannan zaman ne wani ya tambaya, wai ina Iliya? Ba a gan shi a jana'iza ba, ba a gan shi a gayya ba. Aka aika gidansa, matarsa Binta ta ce ya yi tafiya tun asubar jiya. Ina? Ta ƙi faɗa, ta sunkuyar da kai. Sai aka fara duban juna, wani ya tuno maganar ƙofar masallaci.

Rana ta uku 'yan sanda suka iso, su uku. Sun bar motarsu a ƙetaren gulbi sun ratso da ƙafa, wandunansu a jiƙe har cinya. Babbansu wani saje ne, mutumin kudu, Kirista, Hausarsa da ɗan kauri amma tana fita. Ba irin wanda muka zata ba ne. Ya gaida mai gari da ladabi, ya yi mana ta'aziyya, ya ce a kai shi wurin. Yana ɗauke da igiya, da abin awo, da wani gwangwani na farar hoda. A hanya ya bayyana mana cewa in akwai sawu a ƙasa, zai dama hodar nan ya zuba a ciki, in ta daskare ya ɗauke siffar sawun ya kai gaban alƙali.

Muka kai shi. Ga gona an huɗe ta tas, kuyyoyi a miƙe, gero na kaɗawa. Ya ce, "Ina wurin?" Baba Sarkin Noma ya nuna da sandarsa, yana ɗan alfahari ma. Sajen ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ajiye gwangwaninsa a ƙasa, ya cire hularsa ya share fuska. Bai yi faɗa ba. Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Wa ya fara ganinsa?"

Aka nuna ni.

"Malam, me ka gani a ƙasa? Sawu, ko wani abu da aka yar?"

Duk dattawan gari suna tsaye a bayana. Na ce, "Ranka ya daɗe, an kwana ana ruwa. Ya wanke komai."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka tabbata? Ko kaɗan ka tuna, zai taimaka."

Na ce na tabbata.

Muna dawowa gari sai ga Iliya tafe a kan hanya, ƙafa ba takalmi kamar kullum, da rabin buhu a kansa. Ashe Tsafe ya je wurin yayarsa da ke aure can, roƙon dawa. Ya fita da duhun asuba ne don kar a gan shi ya tafi roƙo, ya kuma hana Binta faɗa. Ya yi mana sallama da fara'arsa, bai ma san Mamman ya mutu ba. Da aka gaya masa sai buhun ya suɓuce. Wani daga cikinmu, ba zan faɗi sunansa ba don ya riga mu gidan gaskiya, ya matsa kusa da sajen ya raɗa masa maganar ƙofar masallaci.

Ina tsaye aka sa masa ankwa. Yana ta cewa, "Ku tambayi Haruna, maƙwabcina ne, ya san halina." Ni kuwa ƙafarsa nake kallo, ƙafar nan mai yatsa huɗu tana barin sawunta a laka. Kalma ɗaya ce a bakina, takalmi, kuma na haɗiye ta. In na faɗa a lokacin, na ƙaryata kaina, na ƙaryata mai gari a gaban baƙi. Binta ta fito ta durƙusa tana tsince dawar da ta zube, 'yarsu Saude, wadda ba ta wuce shekara shida ba, tana taya ta.

Ruwa ya ci gaba da sauka yadda ake so. Geron Mamman ya fi na kowa kyau a shekarar, aka girbe aka kai wa Hauwa, ana ta yaba gayyar Haruna. Gonar Iliya kuwa ciyawa ta cinye ta. Tana nan manne da ta Mamman, kullum sai na wuce ta sau biyu, amma ban kira mata gayya ba, ba kuma wanda ya kira. Wa zai yi wa mai kisan kai noma? Ranar da Ramatu ta gasa mana tumun farko, yara suna murna suna ƙona yatsu, na ci, kuma ya yi mini daɗi. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Na riƙa gaya wa kaina ai za su sake shi, tunda ba su da hujja. To, ba su da hujjar ɗaure shi, ba su kuma da ta wanke shi, don wadda za ta wanke shi tana ƙarƙashin kuyyar da na tayar. Yayarsa ta je ta yi rantsuwa yana wurinta, aka ce ai ana iya yin kisa da asuba a kama hanya. Damina bakwai ya yi a tsare ana ɗaga shari'a. Da aka gaji aka sallame shi. Ya dawo gari, ya shiga masallaci, sahun da ya tsaya ya yi gibi hagu da dama. Bai yi wata biyu ba ya kwashe iyalinsa ya koma Tsafe. Daga baya na ji Binta ta rasu. Na ji kuma auren Saude na farko ya mutu ne saboda dangin miji sun riƙa kiranta ɗiyar mai kisa. Duk ina ji, ina kaɗa kai tare da masu kaɗawa.

Ni ma zama ya gagare ni a ƙauye da tsaro ya lalace, 'ya'yana suka dawo da ni Gusau. Yanzu shinkafa nake ci, in na ga dama in sayi gasasshiyar masara a bakin titi. Ramatu ta rasu ban gaya mata ba. Mai gari da Baba Sarkin Noma da duk waɗanda suka zauna a zauren nan sun tafi. Da matar nan ta yi maganarta a rediyo, sai na lissafa na ga a duniya ni kaɗai na rage da na ga sawun nan, kuma na haura saba'in.

Shekaranjiya da ruwa ya ɗan tsagaita na ce wa ɗana zan je gaida wani tsohon aboki. Ya yi ta mita kan hanya, na ce ba shawara nake nema ba. Na shiga bas ta Tsafe. Hanya duk gero ne ya fitar da kai, kore har iyakar gani.

Ban sha wahalar neman Iliya ba. Yana zaune a kan buhu a ƙofar wani ɗan gida kusa da titi, yana tufkar igiya. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari, ga silifa na roba a ƙafarsa. Na yi sallama, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan murya ta Haruna ce. Har yanzu kana surutun?" Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Wata mace mai kimanin hamsin ta kawo mini ruwa a kofi, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu," ta koma ciki. Saude ce.

Muka gaisa, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka tafi. Na sha ruwan. Sannan na faɗa masa, tun daga hular da na gani a kan kuyya har zuwa amsar da na ba sajen. Ban yi wa kaina ado ba. Ni da ba a iya tsayar da ni in na fara magana, sau uku ina tsayawa ina sake farawa.

Bai daina tufkar ba sai da na gama. Ya ce, "Takalmi ka ce."

"Takalmi, Iliya. Sau-ciki."

"Kuma ka gani da idonka."

"Na gani. Ni na huɗe shi."

Ya ajiye igiyar. Na zaci zai zage ni ko ya tofa mini yawu, kuma na zo da shirin haka. Sai ya juya wajen ƙofa ya ce, "Saude, zo."

Ta fito tana goge hannu da gefen zane. Ya ce, "Haruna, maimaita. Ni na san ban yi ba, ba ni ke bukatar ji ba. Faɗa mata, kuma ka ɗaga murya."

Na maimaita. Na biyun ya fi na farko wuya, don ita idonta biyu lafiya lau, kuma ba ta ɗauke su daga kaina ba. Da na kai ƙarshe ta ce, "Kawu, tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun safiyar da abin ya faru."

"Ranar da muke tsintar dawa a ƙasa, ka sani?"

"Na sani."

Ta juya ta durƙusa gaban mahaifinta, ta zare silifan daga ƙafarsa ta hagu, ta riƙe ƙafar da hannu biyu tana kallon gurbin yatsan. Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi wani lokaci nakan ce a raina ko ka yi."

Ya dafa kanta ya ce, "Na sani, ɗiyata. Innarki ma ta tafi da wannan a ranta. Tashi."

Ni da na taho tun daga Gusau ina jera kalmomin neman gafara, sai na ga an riga ni, kuma wadda ba ta yi laifin komai ba ce ta riga ni. Na buɗe baki na ce, "Iliya..."

Ya ɗaga kai ya dubi sama da idonsa mai gani, ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Ya ce, "Hadari ya taso, Haruna. Tashi kar motar Gusau ta wuce ka."